Tsarabar Liman Ta Tsaya a Baiyun

Kano zuwa Guangzhou

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida a Fagge, bayan na duba fasfona sau huɗu. Jirgin Legas ya tashi bakwai da rabi, daga can sai Dubai, sai Guangzhou. Ban taɓa shiga jirgi ba, don haka bakina ya ƙi rufuwa. A filin jirgin Baiyun ko'ina tutocin wasannin Olamfik ne. Alhaji Sani, ɗan Maraɗi da muka haɗu a hanya, shi ya kai ni masaukin da ya saba sauka.

Kasuwar Baima

Kwana uku ina hawa bene ina sauka, ina zaɓar rigunan yara. Mai shagon da na yi sayayya, wanda ake kira lawban, ya san ba ma cin alade, sai ya kai ni gidan abincin Musulmi muka ci taliya da naman rago. Da za mu rabu ya miƙo mini wani jan akwati da hannu biyu. Wata tafinta da ke tare da mu ta ce inabi iri uku aka haɗa, daga gonakin bakin teku can arewa inda ake sanyi, kuma a wurinsu ba a buɗe kyauta gaban mai bayarwa.

Na ɗauka irin ruwan inabin kwalba ne da ake rabawa a biki a Kano. Azumi ya gabato, nan take na ware wa surukina, limamin unguwarmu. Har waya na buga masa: "Baba, ina tafe da tsarabar da ba a taɓa gani a layinmu ba."

Ranar dawowa

Tsoron kada kwalbar ta fashe ya sa na naɗe akwatin da dardumar sallata na sa a jakar hannu. Ƙarfe huɗu na yamma muka isa wurin bincike, ashe an hana shiga da kowane irin ruwa. Wata jami'a ta zaro kwalbar. Na shiga roƙo, ina shafa gemu don ta gane kwalbar ta wani dattijo ce. Alhaji Sani ya leƙo, ya karanta Faransancin da ke jiki.

"Malam Bala, wa za ka kai wa wannan?"

"Liman."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Giya ce fa, ja."

Na hango Baba yana tsiyaya wa dattawan masallaci lokacin buɗa-baki. Na tura wa jami'ar kwalbar da hannu biyu, ina ta jera mata "sheshe", wato na gode, ina washe baki. Ta bi ni da kallo.

Gida

Mun sauka Kano sha ɗaya na rana. Na wanke dardumar sau uku, duk da an ce mini rufaffiyar kwalba ba ta ɓata komai. Na kai wa Liman ganyen shayin da na saya a filin jirgi. Ya juya kwalin ya ce, "Wannan ne ba a taɓa gani ba?"

Na ce, "Baba, ka dai sha."

Ina godiya ga Allah da Ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Sani, da baiwar Allahn nan da ta ƙwace mini kaya.