Gwiwar Malam da Tukunyar Jego

Da ɗiyata ta yi haihuwar fari ta dawo gida Kusada wanka, uwar mijina ta ce ita ce da tukunya. Mu duka Iya muke ce mata. Ruwan Iya kuwa ba a sirka shi. Daga kan wuta sai ganyen darbejiya, sai jikin mai jego, don kada sanyi ya shige ta. Cikin kwana uku fatar bayan ɗiyar tawa ta fara saɓulewa, ga jiri. Ni kuma shekara ashirin da wani abu ban taɓa yi wa Iya musu ba.

Babban ɗana yana aiki a asibiti a Katsina. Ya taɓa ba ni labarin injin nan mai kama da rami, wanda ake tura mutum ciki a kwance. Ya ce a wasu ƙasashe har zafin cikin jiki yake aunawa, ba a tsaga ba, ba a tsira allura ba. Na riƙe maganar.

Da hantsi na ɗauko baƙin hoton da injin ya yi wa gwiwar mijina Malam bara. Na ɗaga shi a rana, na gyara murya irin ta malamar ajinmu na yaƙi da jahilci.

"Iya, an auna cikinta tun tana da juna biyu. Ga shi nan, zafi ya cika maƙil. In aka ƙara, zuba zai yi."

Iya ta matso, ta ƙanƙance ido. "Wannan farin dunƙulen fa?"

"Zafin ke nan, ya taru wuri guda."

"Ikon Allah! Gadona ta yi. Ni ma haka cikina yake."

Sai ga Malam ya shigo da buta. Ya dubi hoton, ya dube ni. Na ce a raina yau asirina ya tonu.

Iya ta ce, "Kai, zo ka ga cikin ɗiyarka."

Ya daɗe yana kallo, yana sosa gemu. Can ya ce, "Lallai, Iya. Wurin nan ko taɓawa ba ya so."

Iya da kanta ta kamfato ruwan randa ƙwarya biyu ta zuba a tukunya, tana yi mani faɗan me ya sa ban faɗa da wuri ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri.