Ruwan Rijiya a Bututun Malam Yohanna

Ban taɓa mantawa da wata Talata a daminar 1986 ba, ina mai wankin kwalabe a ɗakin gwaji na wani kamfanin abincin kaji a Funtua. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi.

Maigidana Malam Yohanna ne, mutumin Kafur, masanin sinadarai. Manoman Dayi sun kawo kuka, kajinsu na cin abincinmu amma ba sa girma. Ya ce mini sinadaran gina jiki, amino asid, iri biyu ne kamar hannun dama da na hagu. Cikin kaza na hagun yake karɓa. In aka ƙona dusa wajen sarrafawa, wasu sai su juye su koma na dama, kaza ta ci a banza.

Yadda ake rarrabe su, famfo ne ke tura ruwan gwaji ta cikin wani bututun ƙarfe mai tsawon biro, cike da gari na musamman. Garin ya riƙe ɗaya, ɗayan ya riga fita, allura ta zana tudu biyu a takarda. Bututun ɗaya tal muke da shi, dokarsa kuma ɗaya: tataccen ruwan inji kaɗai.

Malam Yohanna ya ga tudun dama ya yi tsawo, alamar dusarmu ta ƙone, ya tafi Malumfashi karɓo ƙarin samfur. Sai ga Manajan kamfanin da baƙi daga Kaduna, yana son nuna inji.

"Ɗan'asabe, kunna!"

"Yallaɓai, tataccen ruwa ya ƙare."

"Kai, ruwa ai ruwa ne. Rijiya ta ƙafe?"

Ni kuwa gwanin dabara, na ɗebo, na tace da ƙyallen tatar koko, har sau biyu don ƙwarewa. Allura ta yi rawa, ta zana tudu ɗaya shafaffe.

Manaja ya ce wa baƙi, "Kun gani? Ɗaya ne! Abincinmu lafiya lau."

Da Malam Yohanna ya dawo, ya daɗe yana juya bututun a hannu. Ruwan rijiya ya kashe bututun murus.

"Ɗan'asabe, me na ce maka?"

Na kalli takalmina.

Ya rubuta rahoto cewa dusar ta ƙone, aka ce masa ina shaidarsa, ga shi babu bututun sake gwaji. Watan gaba aka sallame shi, wai ya bar kayan aiki ba kulawa. Ni aka ƙara mini girma, shugaban masu shara.

Ku yaran da ke saurarona, abin da na koya ke nan: a aikinmu ba a hukunta wanda ya ɓata gwaji, muddin takardar ta yi wa babba daɗi. Kajin Dayi kuwa haka suka ci gaba da ci suna ramewa.