Tabo Biyu a Gindin Madubi

A layin da shagonsa yake kowa Mai Madubi yake kiransa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci. Shekara ashirin da shida ke nan yana yanka gilashi, na taga da na tebur da na kanti, da madubai manya da ƙanana. Gajere ne mai kaurin hannu, yatsunsa duk zanen tsofaffin yanka, kuma ba ka taɓa ganinsa babu tsumma a kafaɗa ba. Wannan tsumma kuwa ya zame masa ciwo. Ko gidan mutane ya je gaisuwa, in ya hango sawun yatsa a tagarsu, wallahi sai ya goge kafin ya zauna. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta sa masa ido.

A can ƙuryar shagon akwai injin da yake wasa gefen gilashi da shi don kada ya yanki mutane. In ya kunna shi, ihun da yake yi har tsallaken titi ake ji. Tun yana saurayi ake ce masa ya riƙa toshe kunne, shi kuwa gogan sai ya ce ai da kunne yake gane ko dutsen injin ya ci daidai. To, dutsen ya ci gilashi, ya haɗa da kunnen. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma ya koma jin magana kamar daga ƙasan rijiya. Da ya lallaɓa shi kaɗai ya je wurin likitan kunne, sai da likitan ya rubuta masa a takarda saboda ya maimaita sau uku bai kama ba: saura shekara ɗaya na daman ma ya rufe, wataƙila ma ba za ta cika ba. Ya ninke takardar ya tura cikin gwangwanin kusoshi, bai gaya wa kowa ba. Sai ya koyi dabara. Ko me aka ce masa, ya dubi bakin mai magana, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, to." In kuma yana son gane ko gilashi ya tsage a ɓoye, maimakon ya ƙwanƙwasa ya saurara kamar da, sai ya ƙwanƙwasa ya ɗora yatsu uku ya ji yadda yake rawa.

Ba don kansa yake tsoron kurumta ba. Yana da 'ya ɗaya tal, wadda Allah ya ba su bayan shekara goma sha ɗaya da aure, yana kiranta Mamana. Shekararta huɗu da rabi, ba ta taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Tana ji sarai, tana gane komai, in ka ce ta ɗauko jan kofi ba za ta ɗauko shuɗi ba. Amma in ta zo yin magana sai bakin ya ƙi. Leɓen ya karkace nan, harshen ya tafi can, ta yi ta lalube kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nata ba, daga ƙarshe ta rufe bakin ta sunkuyar da kai. Malamar koyar da magana da uwar take kai ta wurinta duk Talata ta ce maganar tana nan cike a kan yarinyar, saƙon ne yake ɓacewa a hanya kafin ya iso baki, kuma sai an yi haƙuri. Haƙuri! Shi da aka rubuta masa shekara ɗaya a takarda. Abin da yake roƙo bai wuce kalma guda ba, kowace iri ce, ko zagi ne, ya ji ta da muryar 'yarsa kafin kunnen ya rufe.

Uwar tana aikin wanki da guga a wani otal, daga azahar zuwa faɗuwar rana, don haka yarinyar a shago take wuni. Ya shimfiɗa mata kwali a gefen ƙofa, ya sayo mata takalmi mai kaurin ƙasa, ya ja layi da alli a siminti ya ce kada ta kuskura ta tsallake. Duk lokacin da ya waiwayo tana nan zaune a kan kwalinta, tana jera murafun kwalba.

Ana nan sai wani mutum ya kawo wani tsohon madubi a bayan mota, dogo, ya fi Mai Madubi tsayi, da firam na baƙin katako. Ya ce na mahaifiyarsa ne da ta rasu, a gyara masa firam ɗin, zai dawo bayan mako ɗaya. Bai dawo ba, lambarsa ma ta daina shiga. Gilashin ya yi duhu don tsufa, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo ta ciki waɗanda babu tsumman da zai cire su. Mai Madubi ya jingina shi fuskarsa na kallon bango, yadda ake ajiye kowane madubi don kada a karce shi, sai ya zama akwai ɗan lungu tsakaninsa da bangon.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, shagon duk ya yi raɓa, ya janyo madubin don ya kakkaɓe ƙura. Nan ya gan su. A can ƙasa, daidai gwiwarsa, wasu ƙananan tabo ne zagayayyu, bibbiyu, kusa da juna, sun kai guda ashirin. Wanda ya yi shekara ashirin da shida da gilashi ba ya rikita sawun yatsa da sawun numfashi. Hucin baki ne. Shi huci in ya bushe ba a ganinsa, sai sanyi ya taɓa gilashin ya fito da shi. Wani yana numfashi a fuskar madubin da ke kallon bango. Ya yi bisimilla, ya zare tsumma ya goge tas.

Washegari ya hura wa wurin iska da bakinsa don ya gwada, sai ga su sun dawo, sababbi, bibbiyu. Ya goge. Haka aka yi ta yi, kullum da safe ya goge, kullum su dawo, har wata biyu. Ya kira maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya nuna masa. Tsohon ya sa gilashin idonsa, ya duƙa, ya daɗe, sannan ya miƙe ya ja da baya. Ya yi doguwar magana wadda Mai Madubi bai kama komai a ciki ba sai ƙarshenta, da ya ɗaga murya: "Ni dai da ni ne, ba zan bar kayan matacciya a inda 'yata take wasa ba."

Ranar wata Laraba da la'asar yana kan inji, ya ba ƙofa baya, sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaramin madubi da ke kan teburin. A cikinsa ya hango kwalin babu kowa, murafun kwalba a jere. Ya juya. Daga lungun baƙin madubin nan, ƙafafu biyu ne suka leƙo, cikin takalmi mai kaurin ƙasa, ba sa motsi.

Ya taka a hankali, ya durƙusa ya leƙa lungun. Mamana ce a tsugune cikin duhu, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ba ta ƙifta ido. Bakinta yana motsi, yana buɗewa yana haɗewa, sai ta tsaya shiru ta zuba wa madubin ido kamar mai jiran amsa, sannan ta sake. Fuskar da ke cikin gilashin kuwa, saboda duhunsa da ɗigo-ɗigon nan, ba ta yi kama da ta yarinya ba ko kaɗan. Fuskar tsohuwa ya gani, mai tabo a kumatu, tana motsa baki tare da 'yarsa. Kuma bai ji komai ba, ko ɗis.

"Innalillahi! Fito! Fito nan!"

Bai san da ƙarfin da ya fizgo ta ba sai da ya ga shatin yatsunsa a damtsenta. Ta yi kuka har ta shiɗe. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, ba ta taɓa murafunta ba, sai ta tsaya ƙiƙam a bakin layin alli tana kallon bayan madubin. In ya matso ta kau da kai. Abin ya ci masa rai, amma tsoro ya fi ƙarfinsa. A zuciyarsa ya gama yanke hukunci cewa ko ma mene ne a cikin gilashin nan, shi yake riƙe wa 'yarsa baki, kuma yana cinye masa 'yan kwanakin da suka rage. Ya ce ranar Asabar zai yanka shi gunduwa-gunduwa ya zubar, mai shi ya zo ya yi duk abin da zai yi.

Asabar da rana aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya. Inji ya yi shiru, otal ma ya sallami masu wanki da wuri. Mai Madubi yana can ya share dogon tebur, yana ɗiga wa abin yankansa mai, ya ba ƙofa baya kamar kullum. Da ya juyo don ya ɗauko madubin, sai ya ga matarsa tsaye a tsakiyar shago. Jakarta tana ƙasa, kayan ciki sun watse. Ba shi take kallo ba. Bayan baƙin madubin take kallo, hannunta biyu a kan baki, hawaye na bin yatsunta. Kwalin kuma babu kowa.

Ya yunƙura zai nufi lungun, ta riƙe masa riga da ƙarfi. Bakinta ya motsa.

"To, to," in ji shi, yana ƙoƙarin ƙwacewa.

Ta sake shi, ta dube shi, irin duban da ba ta taɓa yi masa ba. Ta matso dab da kunnensa na dama.

"Malam, me na ce yanzu?"

Ya kau da kai wajen lungun.

"Na ce me na ce?"

"Ki bar ni in fito da ita. Madubin nan akwai abu a cikinsa. Wata biyu ke nan..."

"Wane abu? Haba Malam! Ba na gaya maka malamarta ta ce a riƙa barinta gaban madubi tana kallon bakinta ba? Na ce na gida ya yi ƙanƙanta, kuma kunya take ji in ana kallonta, ka ware mata ɗaya a shago. A nan wurin na tsaya na gaya maka. Ka ce mini to!"

Ya tuna ranar. Ya tuna bakinta yana motsi, inji yana ihu, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

"Saurara," in ji ta. "Ga shi nan ta sake. Ba ka ji ba? Don Allah Malam, ba ka ji ba?"

Ya saurara da duk abin da ya rage masa. Babu komai sai shuuu ɗin cikin kunnensa da ke kwana da shi yana tashi da shi. Ya juya, ya je ya zazzage gwangwanin kusoshi a kan tebur, ya zaro takardar likita ya miƙa mata. Bai tsaya ganin ta karanta ba.

Da rarrafe ya shiga lungun, a hankali, kafaɗarsa na gogar bango. Yarinyar ta zabura za ta gudu, ya ɗaga hannu biyu ya nuna mata babu komai. Can sai ta mai da ido kan gilashin, ta haɗa leɓe da ƙyar, ta buɗe, ta sake haɗawa, ta buɗe. Ya manna kunnensa na dama kusa da bakinta har gashinta na taɓa shi. Bai ji ba. Muryar ƙarama ce, kunnen kuma ya riga ya yi nisa.

Sai ya ɗora yatsu uku a kan madubin, yadda yake yi in yana neman tsaga.

"Sake, Mamana," ya ce. "Sake mini."

Ta sake. Gilashin ya yi rawa a ƙarƙashin yatsunsa sau biyu, kaɗan-kaɗan, kuma a gaban bakinta tabo biyu suka fito, zagayayyu, kusa da juna. A cikin madubin ya ga leɓenta sarai, ya karanta abin da take faɗa, don wata da watanni ke nan da bakin mutane yake ji. Baba take cewa. Wata biyu tana kiransa a lungun nan, shi kuma kullum da safe sai ya sa tsumma ya goge.

Ya kifa goshi a jikin gilashin ya yi kuka irin na manya, marar sauti. Yarinyar ta ja tsumman daga kafaɗarsa ta miƙa masa, don ta san babanta ba ya son ganin tabo. Ya karɓa ya share fuskarsa da shi.

Kunnen bai kai shekarar ba. Mamana yanzu ta shiga makaranta, uwarta ta ce wani lokaci har sai an ce ta yi shiru, ko da yake dogayen kalmomi har yau suna ba ta wuya. Shi bai taɓa jin muryarta ba, kuma ya san ba zai ji ba. In ta dawo daga makaranta sai su tsaya gaban baƙin madubin, wanda yanzu ya juyo da fuskarsa yana kallon ƙofa, ya ɗora yatsunsa, ta matso da baki ta ba shi labarin ranar.

In ka shiga shagon za ka ga ko'ina yana ƙyalli, ban da gindin wannan madubin, daga gwiwa zuwa ƙasa. Masu sayayya sukan nuna masa wurin su ce ya yi datti. Sai ya dubi bakinsu, ya gyaɗa kai ya ce, "To, to," tsumman kuma yana nan a kafaɗarsa.