Hamdalar da Ta Sa Aka Kore Ni Daga Falona

Shekara uku muka yi da wani abokina a flat ɗina na unguwar Thamesmead a London, hawa na shida. Ni ina gadi a wani shago, shi yana zaman jira, don mafakar siyasa yake nema kuma ba a ba shi izinin aiki ba. Mutumin wani tsibiri ne a gabashin Afirka, irin wanda ke ƙarƙashin babbar ƙasa amma yana da majalisarsa. Ɗan jam'iyyar adawa ne. An taɓa kulle shi, tabon bulala na nan a bayansa, na gani da idona.

Ana gab da zaɓen majalisarsu na raka shi wurin lauya. Matar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce in jam'iyyarsa ta ci, hukuma za ta ce haɗari ya wuce, ya tattara ya koma. In ta faɗi yana da magana, amma sai ya kawo wasiƙa daga shugaban reshensu na London cewa shi nasu ne. Da muka sauka daga bas ya ce mini, "Alhaji, wanda ya dake ni yana ofishin 'yan sanda, kuma shi ba a zaɓensa."

Ranar sakamako, bayan azahar, mutanensa suka cika mini falo. Shugaban ya zo da wasiƙar a jaka, ya ce zai sa hannu in an gama saurare. Suka ajiye waya a tsakiya ana karanto mazaɓu ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda suka ci sai ihu da kabbara, shi ma abokin nawa ya yi, har ya fi kowa ɗaga murya. Amma ni da ke tsaye a ƙofar kicin ina ganin shayi na zuba daga kofin hannunsa. Suka yi gaba, aka kamo su, suka sake yin gaba. Siyasarsu ba ta dame ni ba, ko sunan jam'iyyar ban iya faɗa daidai ba, amma na san in suka ci mayar da shi za a yi.

Daga ƙarshe suka faɗi. Wani dattijo ya rufe fuska da hularsa.

Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi!" Ba irin ta mai haƙuri da ƙaddara ba. Har da tafa hannu.

Shugaban ya juyo. "Malam, a kan me kake godiya?" Ya dubi abokina, ya jawo jakarsa kan cinya. "Da irin wannan kake zama? Me kuke tattaunawa in ba ma nan?"

Abokina ya miƙe ya ci kwalata. "Kai ɗan Najeriya, me ka sani? Ku da kuke sayar da ƙuri'a da taliya da sabulu! Jahili! Fita!"

Ni. A gidan da sunana ke kan takardar haya ta council. Magana ɗaya ce a bakina, in faɗi abin da lauya ta ce, shi ke nan ya tashi a banza. Na gane wasiƙarsa yake karewa. Na ɗauki takalmina na fita, na zauna a tashar bas cikin yayyafi har la'asar ta wuce.

Da na dawo sun watse. Wasiƙar na kan tebur da sa hannu. Ya fito daga kicin ya ce, "Ka ci abinci?" Iyakar abin da na samu ke nan.

An ba shi takardar zama, ya koma unguwar Edmonton. Har yau in na haɗu da mutanensa a masallacin Juma'a ba sa amsa mini sallama, shi kuma in suna tare sai ya sunkuya yana gyara takalmi.