Daga Bukoki zuwa Plato a Ƙasa

Har yau ban manta da ranar da lokotoro, wato likita, ya dafa tumbina kamar mai tayin rago ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawa na ta tafiya, ana neman 'yan ƙasa su riƙe wurarensu. Ni kuwa magatakarda ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, a unguwar Plato ta Yamai, na yi shekara goma sha shida kan kujera ɗaya. Sai aka sa sunana cikin waɗanda za a tura yankin Tawa, kusa da garinmu, inda tsohuwata take zaune idonta ya fara tafiya. Na yi murna ƙwarai. Amma ƙa'ida ita ce, ba a tura ma'aikaci daji sai lokotoro ya sa hannu. Ya sa na hau matakala sau biyu, na sauko ina haki. Ya ce ya ba ni wata uku, in ƙibar ba ta ragu ba wani za a ba wurin. Maganin kuwa tafiya a ƙasa.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san Yamai ba. Ranar farko ban kai bakin kasuwa ba wani abokin aiki ya tsaya da motarsa, ya rantse sai na shiga. Ranar da na ƙi shiga ta wani, kwana huɗu bai amsa gaisuwata ba. Kafin sati ya zagayo, magana ta bazu a unguwarmu Bukoki cewa an kore ni, har maƙwabta suka zo yi wa maiɗakina jaje.

Baba Sarja ne ya cece ni, planton bironmu mai kai takardu, tsohon soja ne da a haife ya haife ni. Ya ji kukana, ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo mini wani jan dosiye, irin kwalin saka takardu, da ba komai cikinsa.

"Mushe Abdu," in ji shi, don haka ake cewa Malam da Faransanci, "saka shi a hammata, ka ɗaure fuska, ka yi sauri. Wa zai tsai da takardar gwamnati?"

Haka kuwa aka yi. Masu mota sai su ɗaga hannu su wuce. A unguwa aka koma cewa an ƙara mini girma, sirrin da nake ɗauke da shi ko direba ba a yarda ya gani. Safe da yamma na yi ta zarya da fankon dosiye, har sai da tela ya rage mini wando. Da wata uku suka cika, lokotoro ya sa hannu.

Ku yaran yanzu, abin da na koya shi ne, a aikin nan namu takardar hannunka ake dubawa kafin a dube ka. Ban ji haushin hakan ba. Damina biyu na samu tare da tsohuwata, ni ke riƙe hannunta in kai ta inuwa, kafin Allah ya karɓi abarsa.