Jinin da Aka Ɗiba Mana, Ni da Gwaggo

Shekara uku hannuwana suna kumbura kafin na haƙura da ɗinki. A Zango ba wanda bai ba ni magani ba: sassaƙe, rubutu, man shafawa. Daga baya wata likita ta duba sakamakon jinina, ta ce ba sanyi ba ne, ba kuma sammu ba. Garkuwar jikina ce ta juya tana cin gaɓoɓina.

Ita ce ta faɗa mini akwai masu bincike da ke tara jinin iyalan da ciwon ya yawaita a cikinsu, ko za su gano abin da ake gada. Ta tambaye ni ko da mai irinsa a danginmu. Sai na tuna yatsun Gwaggo, ƙanwar babana, waɗanda suka karkace tun ina yarinya.

Na shiga mota zuwa Gidimuni wurin Gwaggo, kowane rami a wuyan hannuna yake ƙarewa. Na tarar da ita tana ɓare gyaɗa da tafin hannu. Bayan mun gaisa na yi mata bayani.

Ta ce, “In sun ɗiba, za mu warke?”

Na ce, “A'a, Gwaggo. Sun ce wataƙila jikoki su amfana.”

Ta ce, “Kakarki ma haka ta ƙare, a baki ake ba ta fura. Ba wanda ya taɓa tambaya. Ɗauko mini mayafina.”

A asibiti aka karanta mana takarda da Faransanci, aka juya mana da Hausa. Da aka zo dangwale, babban yatsanta ya ƙi miƙewa, sai ma'aikaciyar ta lanƙwasa takardar ta kai masa. Aka ɗibi kwalba bibbiyu, aka liƙa musu lamba maimakon suna.

Damina biyu bayan haka Gwaggo ta rasu. Da farko duk zuwa karɓar magani sai na tambayi labarin jinin. Likitar takan ce jinin yana ajiye da na wasu iyalai, masana daga nesa suna duba bayanansa, aikin ba na gaggawa ba ne. Ban ji haushinta ba, ba ta taɓa yi mini alkawari ba. Gajiya kawai na yi, na daina tambaya.

Yanzu ƴata ce ke yi mini wanki. Wani lokaci in ta gama shanya takan tsaya tana murza wuyan hannunta. Nakan ce ta zo ta zauna, sauran kayan su jira gobe.