Zuwa Jibiya Neman Ƙullutun Sabara

Kano, ƙarfe 5:40 na asuba

Na bar gida da jaka ɗaya da saƙon Malam Sada. Shi ya koya mini sanin ƙwarin nan da ba su kai ƙwayar gero ba, masu fukafukai kamar geza, wasu na tsotsar ganye, wasu na zama cikin ƙullutun da suke sa itace ya yi. Yanzu idonsa na dushewa, likita ya ce saura kaɗan. Ya ce yana son ya ƙara ganin na jikin sabara da rai, irin waɗanda ya fara kamawa a iyakar Jibiya yana saurayi.

Motar haya ta cika, muka tashi. Na yi ta gyangyaɗi, gonaki na wucewa kamar ruwa.

Katsina, ƙarfe 9:00

Na sha koko da ƙosai a tasha, na canja mota. Jibiya ba ta kai kilomita hamsin ba, amma shingaye sun ja mu fiye da awa. A na ƙarshe jami'i ya ɗaga madubin hannuna mai ƙara girman abu.

"Malam, zinare kake nema?"

"Ƙwaro, yallaɓai."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Jibiya, ƙarfe 10:30

A kasuwa na iske ƙullutun tuli a gaban wata tsohuwa mai sayar da magani. Murna ta kama ni, ni da digirina, na fara cika leda.

"Ɗana, mi za ka yi da shi?"

Na gaya mata. Ta fasa ɗaya ta nuna mini, ba kowa ciki.

"Wanga ya bushe, masu gidan sun tashi. Ka tahi bayan shingen iyaka, ka biɗi ɗanye. Kada ka sa shi leda, zahi na kashe su."

Ta ba ni ƙaramin ƙoƙo da jiƙaƙƙen tsumma. Kunya ta ishe ni.

Na bi gefen shingen, manyan motoci na jiran ƙetarawa Nijar. Can bayan gonaki sabara ta bazu, toka-toka, iska na kaɗa ta a hankali. Na daɗe tsaye, har na ga kamar wani siririn saurayi ya duƙa cikinta da madubi a hannu. Na fasa ɗanye guda. Ga su nan, suna kai da komo cikin ɗan ɗakinsu, ba ruwansu da ƙasar da suke ciki. Na tsinko ɗanyu na zuba a ƙoƙon, na rufe da tsumman.

Kano, bayan la'asar

Ban biya gida ba, na wuce wajen Malam. Na ɗora ƙwaro ɗaya a ƙarƙashin babban madubinsa na duba ƙananan halittu. Ya kafa ido, ya juya maɓalli, ya sake juyawa. Sannan ya ja da baya.

"Hazo kawai nake gani, Habu. Zauna. Gaɓoɓin ƙahonsa nawa?"

Na duba, na ƙirga. "Takwas, Malam."

"Ƙarshen cikinsa fa?"

"Kamar bututu."

"Shi ne," in ji shi, ya faɗi sunansa na Latin a hankali, kamar yana kiran tsohon aboki. Ya miƙo tafin hannu, na zuba masa su. Ya rufe ido, yana murmushi.

"Suna tafiya. Ina jin su."

Na isa gida da magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsohuwar Jibiya, wadda ko sunanta ban tambaya ba. Ba don ƙoƙonta ba, da gawa zan zuba a hannun Malam.